A ina zan samu ɗanyen mai don aikin zane, kuma zai bushe a kan kambas?

Mai_Buroshi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina shirin baje kolin zane a kan man fetur da tarihinsa a Nijeriya, tun daga rijiyar Oloibiri ta 1956 har zuwa Kolmani. Aikin kashi biyu ne. Na farko zane guda shida a kan kambas, kowanne santimita 90 a 120. Na biyu wani faffaɗan tire da za a ajiye a ƙasa, a cika shi da mai ya zama madubi. So nake in yi aiki da ainihin ɗanyen mai, ba fenti mai kama da shi ba. A ina ake samun lita biyar zuwa goma ta halastacciyar hanya? Ana shafa shi kai tsaye ya bushe, ko sai an haɗa shi da wani abu? Wane irin mazubi ya dace da ajiyarsa? A cikin ɗaki za a yi baje kolin, tsawon mako uku, a watan Janairu. Na gode.

Ɗan_Matata ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Da doka zan fara, domin ita za ta rage miki yawan litar da kike nema.

Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa da na cikin teku, dokar masana'antar mai ta 2021 kuma ta jaddada haka. Hukumar NUPRC ke lura da haƙa, NMDPRA ke lura da jigila da tacewa da rarrabawa. Mafi tsauri ita ce dokar laifuffuka daban-daban da ta samo asali daga dokar soja ta 1984: ɗaurin rai da rai ta tanada ga wanda ya sayar ko ya yi hada-hadar ɗanyen mai ba lasisi, kuma ba ta bambanta mai kwalba da mai tanka ba. Ɗanyen mai ba shi da 'yan sari balle 'yan kiri. Jirgi-jirgi ake sayar da shi, kusan ganga miliyan ɗaya a lodi guda, kowace ganga lita 159. A Nijar ma haka abin yake: man Agadem ta bututu yake zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, sauran ya bi bututun da ya gangara gaɓar teku a Benin. Duk wanda ya ce zai kawo miki a jarka, daga fasasshen bututu ya ɗebo. Kada ki karɓa ko kyauta ne. Zuwa ɗiba a inda mai ya malala shi ma ba mafita ba ne. Wurin yana ƙarƙashin binciken hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai, man kuma ya riga ya cakuɗe da ruwa da laka, har ruwan cikinsa kan fi man yawa.

Hanyar da ta rage ita ce ta masu bincike. Ki samu takarda mai tambarin sashenku ko na gidan da zai baje kolin, da sa hannun shugaba, zuwa ga sashen injiniyan mai ko na sinadarai na wata jami'a: ATBU a Bauchi, Bayero a Kano, ABU a Zariya, ko cibiyar horar da ma'aikatan mai ta PTI a Effurun. Waɗannan wurare kan riƙe samfuri don gwaji, kuma sun san ta inda ake roƙon kamfani. Takardar ta faɗi adadi, da abin da za a yi da shi, da inda za a ajiye, da yadda za a mayar da ragowar. Ki nemi mililita 250 zuwa 500, domin lita goma za ta sa a ajiye takardar a gefe. Idan an ba ki, kada ki fita sai da rubutacciyar shaida mai ɗauke da sunan man da adadinsa da wanda ya bayar, tare da takardar bayanin haɗarinsa. Ita za ki nuna a shingen jami'an tsaro. Ana iya odar samfuri daga waje, har hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, tana sayar da 'yan mililita kaɗan da tsada, amma kaya ne mai kama wuta, lambarsa ta jigila UN 1267. Ba ya shiga jakar fasinjan jirgi, kuma yawancin masu aiken kaya ba sa ɗauka.

Sai kuma abin da zai iya ba ki mamaki: man Nijeriya ba baƙi ba ne mai kauri yadda ake gani a hoto. Bonny Light, ɗaya daga cikin nau'o'in ɗanyen manmu, yana wajen 35 a ma'aunin API, inda babbar lamba ke nufin rashin nauyi. Idan aka zuba shi a gilashi, kamar ruwan shayi mai kauri yake, da ɗan kore-kore a gefe. Na Doba a Chadi, mai wajen 21, ya fi shi duhu da nauyi. Manmu kuma yana da kakin farafin, da sanyin hunturu za ki ga kakin ya kwanta a gindin kwalba.

Maganar cika buɗaɗɗen tire da ɗanyen mai a cikin ɗaki ba ta taso ba. Fetur da kananzir da dizal duk suna cikinsa ba a raba ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma idan ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsin soket ya isa. Akwai sinadarin benzin a ciki, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Mai na wasu ƙasashe mai yawan farar wuta yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa take kashe jin wari kafin ta kayar da mutum. Bonny Light farar wutarsa ba ta kai kashi 0.2 cikin 100 ba, amma duk da haka a waje ake buɗe kwalba.

Mazubi: kwalbar gilashi mai duhu ta ɗakin gwaji, mai murfin da aka yi wa shimfiɗar Teflon, ko gwangwanin ƙarfe mai murfin murɗawa. Ki cika kashi huɗu cikin biyar, ki bar sauran don tururi. Ban da gorar ruwa, ban da firjin gida, ban da kusa da janareta. Safar hannu ta naitirayil, domin ta roba tana kumbura ta yage. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi, sai mai katirij na gawayi, mai ratsin ruwan ƙasa idan na Turai ne, baƙin ratsi idan na Amurka ne. Idan ya taɓa fata a murza man gyaɗa sannan a wanke da sabulu, ba da kananzir ba.

Malamin_Fenti ya rubuta:

Injiniya ya gama da batun samu. Inda gizo ke saƙar shi ne bushewa: ɗanyen mai ba ya bushewa, ko shekara nawa zai yi.

Man linsid da ake kwaɓa fentin zane da shi yana shan iskar oksijin, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna su zama fata mai tauri. Ɗanyen mai ba shi da wannan hali. Sashensa mara nauyi ne kawai ke tashi, a mai irin namu kashi ɗaya bisa uku ko fiye cikin 'yan kwanaki, sauran ya zauna maiƙo. Ki ɗiga ɗigo a kan gilashi ki dawo bayan mako biyu, yatsa zai gaya miki. A kan kambas yana ratsawa ya fito ta baya, ya yi da'irar maiƙo kewaye da duk layin da kika ja, ya huda farin shafen ƙasa ya mai da shi rawaya, ƙurar Janairu kuma ta manne ba fita. Idan kika kwaɓa shi da fentin mai, sai ya hana fentin ma bushewa.

Launin da kike nema, baƙin nan mai ja-ja idan an shafa siriri, yana cikin abin da ke saura a gindin tukunyar matata bayan an kwashe fetur da kananzir da dizal, wato kwalta. Ainihin ɗanyen mai ce, ɓangarensa mafi nauyi, kuma sayenta halas ne a kasuwar kayan gini. Sai dai masu zanen Turai sun riga sun sha wuyarta. Joshua Reynolds a Ingila ya yi ta gwada ta a ƙarni na 18, zanensa da yawa suka tsattsage. Babban zanen Géricault na 1819 a kan waɗanda suka tsira daga jirgin ruwan Medusa, wanda ke gidan tarihin Louvre, ana danganta duhun da ya rufe wasu sassansa da ita. Dalili ɗaya ne: sun sa ta da kauri a ƙasa, suka ɗora wani fenti a kai. Na sama ya bushe ya yi tauri, na ƙasa yana motsi da zafi da sanyi, sai fuskar zane ta rabu tsibiri-tsibiri. Ƙa'idar ke nan: siririya, a sama, a ƙarshe.

Kwalta iri-iri ce. Ta titi, mai lamba 60/70, tana laushi tun wajen digiri 50 a ma'aunin Salshiyas. Baƙin allo da ya sha rana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya wuce haka, ko a bayan mota aka ɗauko shi zai zubo. Wadda aka hura wa iska a matata, mai lamba 85/25 ko 115/15, ta fi dacewa; lambar farko ita ce zafin da take laushi. Mafi kyau shi ne gilsonayit, busasshiyar kwalta ce da ake haƙowa a jihar Utah ta Amurka da yammacin Iran, ba ta laushi sai zafi ya haura digiri 130. Masu sayar da sinadaran haƙar rijiyar mai suna kawo garinta a buhu, masu kayan ɗab'i kuma a ƙaramin gwangwani. Rabin kilo ya ishi zanenki shida har ya yi saura.

Ki kula da wata kwalta da ake samu daga gawayin kwal, ta fi ta fetur haɗarin sankara nesa ba kusa ba. Warinta irin na kafur ɗin da ake sa wa tufafi ne. Ki jiƙa farin tsumma da kananzir ki goga: ta fetur za ta narke ta ba da ruwan ƙasa mai duhu, ta kwal ba ta narkewa sosai, sai ɗan rawaya mai kore.

Haɗin shi ne giram 100 na garin gilsonayit da mililita 300 na tarfentin na itace a kwalbar gilashi. Abin da shagunan fenti ke sayarwa da sunan tarfentin galibi na fetur ne, ba ya narkar da ita duka, za ki tarar da rabi a kwance. Ki rufe, ki girgiza safe da yamma har mako guda, ba wuta ba ɗumamawa. Ki tace da safar nailan ninki biyu. Lokacin aiki, awo ɗaya na wannan da awo biyu na man haɗi na alkid irin Liquin. Alkid ɗin ne ke bushewa ya kulle kwaltar a cikinsa. Ki shafa, ki goge da tsumma inda kike son haske. Yana daina kama hannu cikin kwana biyu, amma ki ba shi mako kafin shafe na biyu, kuma kada ya wuce uku, domin kowane sabon shafe yana tayar da na ƙasa. Inda kike son baƙi ƙirin, ki fara sa baƙin fenti na gaske haɗe da ruwan ƙasa mai duhu, ya bushe sarai, sannan kwalta ta hau.

Farin fenti ba ya hawa kanta, cikin kwanaki zai koma ruwan ƙasa. In dole ne, ki shiga tsakani da shalak, wanda kafintoci ke goge katako da shi: awo ɗaya a awo huɗu na sifirit, shafe biyu. Sifirit ba ya narkar da kwalta, tarfentin ba ya narkar da shalak, shi ya sa yake zama katanga. Amma shalak yana karyewa idan kambas ya lanƙwasa. Don haka ki manna kambas ɗin da farin gam a kan filawud mai kaurin milimita 9, a ɗaure bayansa da katako gicciye biyu, a shafe baya da gefe don kada ya kantare.

Idan kin samu ɗanyen man kuma kina son ya shiga jikin zanen, ki zuba mililita 100 a murfin gwangwani mai faɗi, kaurin milimita uku, a inuwa a waje, a rufe da raga, mako biyu. Abin da ya rage ki sa awo ɗaya a awo goma na alkid, ki gwada a guntun allo kafin ki taɓa zane. Idan bayan kwana goma yatsa na barin tambari, ki rage.

Akwai kuma kwaltar ƙasarmu. A Agbabu da kewayenta a jihar Ondo tana tsattsafowa daga ƙasa, kuma a wannan yanki wani kamfanin Turawa ya yi haƙa tun wajen 1908, kusan shekara hamsin kafin Oloibiri. Tarihin da kike zanawa daga nan ya faro. Tana ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, sai ki bi ta sashen nazarin ƙasa na jami'a, kamar ta fasaha da ke Akure. Da yashi take zuwa: a narkar a tarfentin, a bari yashin ya kwanta kwana biyu, a tsiyaye. Tana da laushi, ba ta tafiya sai da alkid.

Mai_Buroshi ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malam. Na haƙura da lita goma. Tiren mita biyu ne a mita ɗaya. Da me zan cika shi ke nan? Damuwata kada mai kallo ya ce an nuna masa wani abu da sunan ɗanyen mai.

Oga_Mai_Walda ya rubuta:

Malama, da baƙin mai, wanda aka juye daga inji. Manyan ayyukan duniya irin wannan da shi aka yi su. Richard Wilson ya cika ɗaki da shi a Landan a 1987, ya sa wa aikin suna 20:50, lambar man mota. Na Noriyuki Haraguchi ɗan Japan yana gidan zane na Tehran tun 1977. Ki rubuta a jikin bango abin da ke cikin tiren, shi ke nan ba ki yaudari kowa ba.

Lissafi tukuna. Mita biyu a mita ɗaya, zurfin santimita ɗaya da rabi, lita 30 ke nan, nauyin kilo 26 ko kusa. Lita goma da kika ambata rabin santimita kawai za ta rufe, ƙasan tire zai leƙo duk inda ya ɗan tasa.

Ki sa a yanko falle mai kaurin milimita 2, mita 2.1 a 1.1, yana fita daga falle ɗaya mai ƙafa huɗu a takwas. A lanƙwasa gefunan da injin lanƙwasa, tsayin santimita biyar, walda ta tsaya a kusurwa huɗu kawai. Idan aka ja doguwar walda a gefe, zafi zai murɗe fallen, tsakiya ta yi tozo, kuma ba ya gyaruwa. Masu aikin ƙarfe a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano sun san wannan. A sa noti na juyewa a kusurwa ɗaya, da wasa na jan ƙarfe. Gwajin yoyo: a dama alli da ruwa a shafa a bayan waldar, ya bushe, a shafa kananzir ta ciki, a bari ya kwana. Duk inda allin ya yi duhu akwai huda. Ruwa ba ya nuna irin wannan hudar, mai kuwa zai bi ta. A gama duk walda kafin mai ya shiga. Bayan ya shiga wuta ba ta sake kusantar tiren. Fentin ƙofa ba ya jure zama cikin mai, yana salewa ya taso sama. Ko a bar baƙin ƙarfen yadda yake, ko a sa fentin ifoksi mai haɗi biyu, baƙi, ya yi mako kafin a zuba.

Man kada ya fito daga duron gareji. A can ake juye fetur ɗin da aka wanke kayan inji da shi, da man birki, da ruwan lagireto, kuma fetur kaɗan ya isa ya mai da shi mai saurin kama wuta. Ki je ranar da ake yi wa babban janareta na dizal ko tirela sabis, a tara miki kai tsaye daga inji zuwa sabuwar jarka. Tirela guda tana zubar da lita 30 ko fiye. Na injin dizal ya fi baƙi saboda hayaƙin da ya sha, kuma baƙin ba ya kwanciya. A bar jarka ba motsi mako biyu, a tsiyaye sama, a bar kashi ɗaya bisa goma na ƙasa, a tace da yadi. Idan ya yi fari-fari, ko ɗigonsa ya yi ƙara a kan ƙarfe mai zafi, da ruwa a ciki, a canza.

Baƙin mai yana da wari, kuma ba a son ya daɗe a fata. In ɗakin ba shi da iska sosai, ki sayi farin man farafin wurin masu sinadaran man shafawa, ki rina shi da baƙin rini mai narkewa a mai. Shi ma daga ɗanyen mai ya fito, ba wari, kuma a baƙin tire ido ba ya bambance su. Madubin daga duhun ƙasa da lafawar sama yake fitowa. Saboda haka fitila ta haska bango da zanen, kada ta haska man.

A daidaita tiren da tiyon lebur kafin a zuba, domin karkatar rabin santimita a tsawon mita biyu tana bayyana a bakin mai. A shimfiɗa tamfol a ƙasa, a ja igiya nesa da mita ɗaya saboda yara da bakin riga. Ƙurar hunturu za ta dusashe shi kullum: da safe a kwantar da fallen jarida a kai a ja a hankali zuwa gefe, da dare a rufe da filawud a kan katako ba tare da ya taɓa man ba. Bokitin yashi biyu da tukunyar kashe gobara mai hoda su zauna a bakin ƙofa. Ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi.

Hajiya_Mai_Ɗab'i ta rubuta:

Ƙanwata, ni ina ganin kwalta ta fi amfani a kan ƙarfe fiye da kan kambas, domin a can ba a buƙatar ta dawwama. Haɗin Malam yana aiki, amma ko da alkid, wurin da aka yi kauri zai tattare nan da wasu shekaru.

Masu ɗab'i sun yi ɗaruruwan shekaru suna rufe faranti da ita don sinadari ba ya cin ta. Awo biyu na garin gilsonayit, biyu na kakin zuma, ɗaya na rozin, wato busasshen ƙaron itacen fayin, duk a ma'aunin nauyi. Giram 50 na haɗin a mililita 200 na tarfentin na itace. A kankare kakin siriri, a ajiye kwalbar a wuri mai ɗumi har ya narke, a tace. A wanke farantin zinki da alli da ruwan khal har ruwa ya kwanta a kai bai tattaru ba, in ba haka ba shafen zai ɓare a tsakiyar aiki. A shafa siriri, a rufe baya da salatif, a zana da allura. Ruwan da za a tsoma farantin ya ci inda allura ta bi: giram 100 na sinadarin kofa salfet, giram 100 na gishiri, lita ɗaya ta ruwa. Minti biyar yana ba da siririn layi, ashirin mai zurfi, ana share jan dattin da ke taruwa da gashin tsuntsu. Idan shafen yana tsalle a bakin allura, kaki ya yi kaɗan. Idan yana kama hannu, ya yi yawa.

Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya ma da kwalta aka ɗauke shi. Nicéphore Niépce a Faransa, wajen 1826 zuwa 1827, ya narkar da ita a man furen lafanda ya shafa a faranti. Inda rana ta buga ya taurare, sauran ya wanke. Farantin yana jami'ar Texas a Austin. Za ki iya yin irinsa: shafe siriri ƙwarai, ya bushe a duhu, ki ɗora hoton rijiyar mai da aka buga baƙi a kan farar leda mai nuna haske, ki danne da gilashi, ki ba shi rana yini guda ko biyu. Ki wanke a hankali da tarfentin na itace awo ɗaya a na fetur awo uku. In komai ya wanke, rana ba ta isa ba ko ruwan wankin ya yi ƙarfi. In ba abin da ya fita, ta yi yawa. Ki yanka ƙananan faranti ki gwada awa huɗu, takwas, goma sha shida.

Ga kuma tawada. A ɗaga lagwanin fitilar kananzir ta yi hayaƙi, a waje, a dora kwanon sha mai ruwa a sama, a kankare baƙin da ya taru a gindinsa. A jiƙa shi da ɗigon sifirit don ba ya shan ruwa, a niƙa a kan gilashi rabin awa da ruwan ƙaro, ƙaro awo ɗaya ruwa awo biyu, yadda alarammomi ke ɗaure tawadarsu da ƙaro, a ƙara ɗigon zuma don kada ta tsage. Wannan baƙin fetur ne tsantsa, yana bushewa cikin mintuna, rana ba ta koɗar da shi. Irinsa ne ya fara sauka a kan rufin gidaje da huhun mutanen Fatakwal a ƙarshen 2016.

Ɗan_Matata ya rubuta:

Kan damuwarki ta biyu, Malama: ɗanyen man ya shiga baje kolin a rufe. Andrei Molodkin ɗan Rasha da ainihin ɗanyen mai yake aiki, amma a cikin rufaffen mazubi yake zagayawa, ba ya haɗuwa da iskar ɗaki. Mililita 250 ta isa ta cika ƙananan kwalabe shida na mililita 40, kowace a bar mata sarari a wuya, ɗaya a gefen kowane zane, da sunan man da inda ya fito. Ki sa ɗakin gwajin da ya ba ki su zuba su matse murfin da kansu. Kada kowa ya ce zai liƙe bakin gilashi da wuta.

Akwatin Perspex, wato robar nan mai haske kamar gilashi, yana da kyau a matsayin kariya, muddin man bai taɓa shi ba. In ya taɓa, yana yin ƙananan tsaga, musamman a bakin da aka yanka ko aka huda. Gam ɗin silikon yana kumbura a cikin mai, farin soson kwalin kaya kuwa narkewa yake yi. Idan za ki binne kwalbar a cikin ifoksi mai haske, santimita ɗaya-ɗaya za ki riƙa zubawa, kowanne ya huce, domin zubi mai kauri yana ɗaukar zafin da zai iya tura murfin. Zuba man kai tsaye cikin ifoksi ba ya yi, zai riƙa tsattsafowa yana barin ramuka. Fitila mai zafi ta yi nesa da kwalaben.

Bayan an tashi, kwalaben su koma inda suka fito, a sa miki hannu a takarda. Baƙin mai ya koma jarkarsa zuwa wurin masu tara shi, ban da kwata, ban da rami a bayan gida kusa da rijiya. Tsummokin da suka sha alkid ko man linsid suna kama wuta da kansu idan aka dunƙule su wuri ɗaya. A shanya su ɗai-ɗai a waje, ko a nutsar da su a bokitin ƙarfe mai ruwa da murfi.

Tunda Janairu ne, takardar neman samfuri ta fita a wannan makon, gwajin allunan Malam kuma ya fara aƙalla wata biyu kafin ranar buɗewa, don shafe na ƙarshe ya samu mako uku yana bushewa kafin a ɗauki zanen a mota.